Rediyon 'Yan Sha'awa: Mu Kafa Kulob, Mu Zauna Jarrabawar Lasisi

Zuwa ga 'yan'uwana Hausawa mazauna Bahuli da Mubi da kewaye, da duk wani zango da wannan rubutu ya iske. Yau maganar rediyo na kawo mana. Na san wani zai ce ana fama da kuɗin taki da na makarantar yara, wa ke ta rediyo? To a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, in ya so sai a yanke hukunci. Ra'ayina dai a taƙaice shi ne: lokaci ya yi da matasanmu za su haɗa kulob tare da maƙwabtanmu, su yi karatu, su zauna jarrabawar samun lasisin rediyon 'yan sha'awa, su mallaki tasha tasu ta halal wadda hukuma ta san da ita. Kuma ina ganin a bi ta hanyar kulob ɗin da jarrabawar, kada kowa ya je kasuwa ya sayo oba-oba ya soke a ƙugu.

Wane irin rediyo ne wannan?

Akwatin rediyon da muka saba da shi kunne ne kawai. Wani yana can London ko Kaduna ko Yola yana magana, mu muna nan muna saurare. Shi kuwa rediyon 'yan sha'awa, wanda masu shi ke yi wa laƙabi da "ham", kunne ne da baki a haɗe. Mutum yana da na'urar da ke karɓar magana kuma tana aikawa, ya ɗaura eriyarsa a tsakar gida, ya yi magana da wani mai irin wannan lasisi a Maiduguri ko Kano ko Jamus, kai tsaye ta iska, ba kamfanin waya a tsakani, ba kati, ba data. Ana yin sa ne don neman sani da sha'awa da taimakon jama'a, shi ya sa doka ta hana a nemi kuɗi da shi.

Abin ba wasan yara ba ne a idon duniya. Hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, wadda aka kafa tun 1865 kuma take da mazauni a Geneva, ta keɓe wa masu wannan harka zanguna nasu na kansu a cikin dokokinta. Suna da haɗaɗɗiyar ƙungiya ta duniya mai suna IARU da aka kafa a Paris a 1925, shi ya sa duk ranar 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu. Ƙungiyar da ke wakiltar ƙasarmu a cikinta ita ce NARS. Kowane mai lasisi yana da lambar kira tasa shi kaɗai a duk faɗin duniya, kuma farkon lambar ke nuna ƙasarsa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Kamaru TJ, ta Nijar 5U, ta Cadi TT, ta Gana 9G. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ya yi wannan harka da lambar JY1, haka ma tsohon Firayim Ministan Indiya Rajiv Gandhi, da lambar VU2RG. Amma mafi yawan masu yin ta talakawa ne irinmu: malaman makaranta, makanikai, ɗalibai, 'yan fansho.

Ga wani abu da zai ba mai karatu mamaki. Gajeren zangon nan da muka tashi muna murɗa akwati muna nema da asuba, 'yan sha'awa ne suka fara nuna wa duniya amfaninsa. A 1912 gwamnatin Amurka ta tura su can ƙasa da mita 200, don a lokacin masana na ganin wurin ba shi da wani amfani. Sai ga shi a watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy a birnin Nice ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka, suka tsallake Tekun Atalantika a kan zangon da aka raina. Daga nan ne manyan gidajen rediyo suka yi rububin shigowa. Har yau mita 41 da ake jin labarai a kai maƙwabcin mita 40 ne na 'yan sha'awa, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Mu da rediyo, mu da labari

Ban san wata al'umma da ta riƙe rediyo kamar Bahaushe ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Mai shayi da rediyonsa, maigadi da nasa, makiyayi ya rataya nasa a kafaɗa. Mun kafa ƙungiyoyin masu sauraro da na zaɓi-sonka a garuruwa da ƙauyuka, mun aika katin gaisuwa ba iyaka. Wato sanin kan kulob na rediyo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya rage shi ne, shekara kusan saba'in muna sauraro, ba mu taɓa tambayar yadda maganar ke tasowa daga wata uwa duniya ta faɗo cikin akwatinmu ba.

Sannan mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu mun fi kowa sanin darajar labari. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka zauna a gindin duwatsun nan, da me suka rayu? Da sanin farashin can da na nan, da sanin wace hanya ce lafiya, da saƙon da fatake da direbobi ke kawowa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan ya yi nazarin Hausawan wurin, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna cewa abin da ya riƙe cinikin shanu da goro a hannunsu shi ne amana da saurin isar labari tsakanin maigida da maigida, daga Arewa zuwa Kurmi. Duk zangon da labari ya daina isa gare shi ya zama kurkuku.

Ranar da waya ta yi shiru

Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, kuma ba mai musun alherinta. Amma mu a wannan yanki mun ga iyakarta da idonmu. A watan Mayu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka rufe layukan waya. Mu a Adamawa muka yi makonni, mutanen Borno suka yi watanni. Wanda mahaifiyarsa ke kwance a Kano sai ya nemi mota ya fita jihar kafin ya ji ko tana da rai. A ƙarshen Oktoban 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka watse, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu a ƙafa suka nufi hanyar Yola, uwa ba ta san inda ɗanta yake ba, har sai da sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin a watan Nuwamba. A Satumban 2021 an sake rufe layuka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Ga kuma ambaliya: ta 2012 da ta 2022 a bakin Binuwai, da fashewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024.

Ita wayar salula a jingine take da turken kamfani, shi kuma turken a jingine yake da janareta da man dizal da mai gadinsa. In ɗaya ya faɗi, wayar dubu ɗari uku ta koma tocila. Shi kuwa rediyon gajeren zango mai ƙarfin wat 100 batirin mota mai bolt 12 ya ishe shi, farantin sola ɗaya ya riƙa cika batirin. Eriyarsa ta mita 40 wayar tagulla ce mai tsawon kusan mita 20, a raba ta biyu, a ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu. Maganar tana tashi sama, ta bugi wani rufin iska mai caji da ke can ƙololuwa wanda masana ke kira ayonosfiya, ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. In aka ɗaura eriyar ƙasa-ƙasa, sai maganar ta miƙe sama kusan a tsaye ta zubo kamar ruwan sama a kewayen ɗaruruwan kilomita, duwatsun Mandara ba su tare ta. Yola kimanin kilomita 200 ce daga Mubi, ta shiga cikin wannan da'ira.

An gwada wannan a wurare da dama. Ranar 26 ga Disamba 2004, da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, akwai wata mata mai lasisi, Bharathi Prasad, da tawagarta a garin Port Blair, sun je ne don sha'awa kawai. Nan take suka mayar da tasharsu ta aikin ceto, suna isar da saƙon hukuma da na iyalai zuwa babban yankin ƙasar. A 2017, bayan guguwar Maria ta kwantar da layukan Puerto Rico, ƙungiyar Red Cross ta Amurka da kanta ta nemi ƙungiyar 'yan sha'awa ta ƙasar ta ba ta masu aikin sa-kai. Tun 2003 ma dokar ITU ta ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar masu wannan lasisi su shirya wa irin wannan rana. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ake tambaya a jarrabawar?

Jarrabawar ba ƙirƙirar wani ma'aikaci ba ce don ya wahalar da mutane. Dokar ITU ce ta ɗora wa kowace gwamnati ta tabbatar da ƙwarewar mutum kafin ta bar shi ya kunna tasha. A nan gida kuma, tun dokar Wireless Telegraphy ta 1961 laifi ne a kafa ko a yi amfani da na'urar aika saƙo ta iska ba lasisi. Kusan ko'ina a duniya tambayoyin sun kasu gida uku.

Na farko ilimin lantarki: mene ne bolt, mene ne amfiya, mene ne wat, da dokar Ohm. Sai lissafin zango, wanda ba shi da wuya: ka raba 300 da adadin megahaz, ka sami tsawon zangon a mita. Megahaz 7 ya ba ka kusan 43, shi ne ake taƙaitawa a ce mita 40. Daga nan kake sanin tsawon wayar da za ka yanka. Na biyu doka: inda aka yarda ka yi magana da inda ba a yarda ba. A shiyyarmu ta Afirka da Turai rabon 'yan sha'awa ya haɗa da megahaz 7.0 zuwa 7.2, da 14.0 zuwa 14.35, da 144 zuwa 146. Dole ka riƙa faɗin lambar kiranka, ba ka da izinin saka kiɗa ko yin shiri irin na gidan rediyo, ba talla, ba ciniki, ba magana a dunƙule don ɓoye ma'ana. Na uku tsare rai da ladabin magana: nisantar da eriya daga wayar wutar lantarki, binne ƙarfen da zai sauke tsawa cikin ƙasa, cire eriya in hadari ya taso, sauraro kafin ka yi magana, da barin layi ga mai kiran gaggawa. Duk wanda ya ga yadda aradu ke sauka a kan duwatsun nan da damina ya san wannan babi ba ƙari ba ne.

A da sai mutum ya iya buga saƙon Morse, irin na wayar tangaraho, kafin a bar shi ya hau gajeren zango. Taron ITU na 2003 ya ɗage wannan sharaɗi ya bar wa kowace ƙasa zaɓi, Amurka ma ta soke shi a 2007. Kuma matakin farko ba dutse ba ne. A Amurka tambaya 35 ce, ka ci 26 ka haye, ba ƙa'idar shekaru, yara 'yan firamare na ci. A Ingila matakin farko da aka fito da shi a 2002 tambaya 26 ce, ana neman 19. Yaron da ya zauna WAEC ya fuskanci abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Me ya sa sai ta kulob?

Nan ne zuciyar maganata. Ƙasashen da harkar ta yi ƙarfi duk ta hannun ƙungiyoyi ta yi. A Amurka tun 1984 gwamnati ta miƙa shirya jarrabawar ga masu lasisi 'yan sa-kai, mutum uku ke sa ido a kowane zama, galibi a ɗakin taron kulob ko laburare ko makaranta. A Ingila ƙungiyar RSGB ce ke gudanar da ita. A Afirka ta Kudu ƙungiyar SARL ke shirya ta a madadin hukumar sadarwar ƙasar, sau biyu a shekara, Mayu da Oktoba. Gwamnati ke ba da lasisi, amma kulob ke rainon mutum har ya cancanta.

Dalili na farko shi ne, wannan ilimi na hannu ne. Ba wanda ya koyi ɗinki ko gyaran babur daga littafi kaɗai, sai ya zauna gaban maigida. Like waya da dalma, auna eriya, gane muryar da ke can ƙasan hayaniya, duk sai da wani a kusa da zai ce maka a'a, ba haka ba. Kuma muna da masu sanin a kusa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Mubi, ga Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, ga masu gyaran rediyo da waya a kasuwa waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa, ga tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi aikin sigina suna zaune a gida ba mai tambayarsu komai.

Na biyu kuɗi. Na'urar gajeren zango ba ta da araha, ko da ta hannu ce. Amma ba kowa ne zai saya ba. Tasha ɗaya ta kulob ta ishi mutum ashirin su koya, kuma mu da muka iya adashi muka aurar da 'ya'ya da shi, muka gina masallatai da karo-karo, ba za mu kasa haɗa na'ura ɗaya da batir da sola ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne amana. Mu faɗa wa juna gaskiya: muna bakin iyaka, a yankin da ya ga yaƙi. Saurayi ɗaya da dogon ƙarfe a bayan ɗakinsa yana magana cikin dare abin tuhuma ne, kuma wanda ya tuhume shi bai yi laifi ba. Amma kulob mai rajista, mai littafin sunayen 'ya'yansa, mai littafin da ake rubuta duk kiran da aka yi da lokacinsa, wanda mai unguwa da hakimi da DPO da kwamandan sojan yankin suka san ranar zamansa kuma ƙofarsa a buɗe take gare su, wannan wani abu ne daban. Takardar lasisi ita ce amsar da za ka miƙa a shingen bincike.

A kan wannan ne nake roƙon kada mu kuskura mu mai da shi kulob na Hausawa zalla. Bahuli ƙasar Fali ce, su muka tarar, kuma Mubi gari ne na Gude da Fali da Fulani da Margi da Kamwe da sauransu, Musulmi da Kirista. Ƙungiyar ƙabila ɗaya mai na'urorin sadarwa za ta haifar da zargin da zai fi amfaninta yawa. In kuwa ɗan Vimtim da ɗan Muchalla da ɗan Sabon Layi da namu suka zauna benci ɗaya suna fama da dokar Ohm, an sami abin da taron zaman lafiya goma a otal bai bayarwa. Ranar da ruwa ya ci gada ba ya tambayar yaren wanda ke tsallake. Kuma 'yan mata su shigo. Wadda ta riƙe tashar Port Blair mace ce.

Akwai kuma wani ciwo namu na mazauna da wannan ya taɓa. Yaranmu da aka haifa a nan sun san wahalar takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma: a nan a ce kai baƙo ne, a garin kakanka a ce ba a san ka ba. Takardar jarrabawar rediyo ba ta tambayar garin kakan kowa, tsawon eriya take tambaya. Yaron da ya ci ta ya riƙe ilimin da ake nema a aikin haɗa sola, da aikin turakun kamfanonin waya, da gidajen rediyo, da ƙungiyoyin agaji. Ilimi ne da ke bin mai shi duk inda ya je.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce: ai a 2013 ba lalacewa layin ya yi ba, hukuma ce ta rufe da gangan, kana ganin za ta bar ka da rediyo? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma amsarta ita ce mai yiwuwa ba za ta bari ba. A Borno a wannan shekarar har wayar Thuraya sojoji suka hana. A lokacin yaƙin duniya na biyu Ingila da Amurka duk sun dakatar da 'yan sha'awarsu. Mai lasisi in aka ce ya kashe, kashewa zai yi, wannan na cikin alkawarin da ya ɗauka. Don haka duk wanda ke neman hanyar zagaye dokar ta-ɓaci, wannan ba layinsa ba ne. Amma ba kowace yankewar waya ce umarnin soja ba. Akwai ambaliya, akwai turken da aka ƙona ko man janaretansa ya ƙare, akwai ƙauyukan bayan dutse da sabis bai taɓa isa ba. Kuma ko a ranar ta-ɓacin, hukumar agaji irin NEMA ko Red Cross in tana neman wanda ya iya haɗa tasha cikin awa ɗaya, wanda ta sani tun da can za ta kira.

Wani kuma zai ce: ga oba-oba nan a kasuwa da araha, 'yan banga ma na riƙewa, me ya kai ni jarrabawa? To ga abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Ƙaramar Baofeng ɗin nan da ta cika gari tana iya aika magana daga megahaz 136 har 174, alhali rabon 'yan sha'awa a wurin 144 zuwa 146 ne kacal. Sauran na wasu ne, ciki har da hukumomi, kuma zangon jiragen sama yana nan dab da ƙasanta. Wanda bai yi karatu ba bai san gonar wa ya shiga ba sai an kama shi a ciki. Ban da haka, irin wannan ƙaramar na'ura kusan iya ganin ido take kaiwa, dutse ɗaya ya shiga tsakani shi ke nan. Mai ilimi ne ya san cewa in aka sami izini aka ɗora tashar maimaitawa a kan tsauni, dutsen da ke tare magana shi zai koma mai yaɗa ta.

Ɗan kasuwa zai ce: tunda ba zan tambayi farashin shanu a Legas da shi ba, ina ribata? Gaskiya ne, doka ta hana, kuma kada a fara. Wayarka na nan don ciniki. Amma rijiyar unguwa ma ba ta kawo wa kowa riba, sai ranar da famfo ya ƙafe ake sanin wanda ya haƙa ta ya yi aiki.

Sai masu cewa Turanci zai kayar da yaranmu. Ita jarrabawar da Turanci za a yi ta, amma ba abin da ya hana a yi darasin da Hausa da Fulatanci, a fassara tambayoyin gwaji ɗaya bayan ɗaya. A kan iska kuma dokar duniya ba ta wajabta Turanci ba, ɓoye ma'ana ta hana. Mai 5N a Mubi da mai 5U a Maraɗi suna iya gaisawa da Hausarsu tsaf.

Abu ɗaya ne nake tsoro, kuma daga cikinmu yake: halin neman takarda ba karatu. Mun ga yadda satar amsa ta lalata jarrabawar makarantu, har iyaye ke biyan kuɗi a rubuta wa 'ya'yansu. In aka shigo da wannan hali nan, gara a bari. Wanda ya sayi lasisi bai san tazarar eriya da wayar wuta ba, wutar ba za ta duba takardarsa ba. Kulob ɗin da ya tura mutum biyar suka ci da guminsu ya fi wanda ya tura hamsin aka yi musu alfarma.

Ta ina za a fara?

Sauraro ba ya bukatar jiran kowa. Duk mai akwatin gajeren zango da ke kama maganar SSB yana iya murɗawa wajen megahaz 7.1 da yamma ko 14.2 da rana ya ji yadda ake kiran CQ, wato kiran duk mai ji, da yadda ake sallama da 73. Daga nan sai a sami mutum goma masu niyya, a nemi malami ɗaya na lantarki da tsohon ma'aikacin sigina ɗaya, a roƙi aron aji a makarantar firamare ranar Asabar. Kafin a sayi ko da ƙusa, a je a gaida mai unguwa da hakimi da jami'an tsaro a yi musu bayani. Sannan a rubuta wa NARS da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya da hukumar NCC a Abuja, a nemi tsarin jarrabawa da na lasisi da manhajar karatu a rubuce, a bi shi sau da ƙafa. Kada a kunna na'urar aikawa ko sau ɗaya sai takarda ta zo hannu. In wata shida abin ya ɗauka, ko shekara, ba asara, karatun na nan.

Ina kira ga 'yan'uwa da ke sauran zanguna, na Sabo a Ibadan, na Agege, na Fatakwal, na Kumasi da Garwa, su ma su duba wannan magana. Tasha ɗaya a Bahuli ba ta da wanda za ta kira in ba a sami ta biyu a wani wuri ba. Wanda yake da lasisi a cikinku, ko ya san mai shi, ya taimaka ya ja hannun na baya. Iyaye kuma, in yaro ya zo yana neman izinin zuwa ajin Asabar, a bar shi, ya fi zaman bakin titi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye mu da sake ganin irin ranakun 2014, ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.